Ranar da Na Riƙe Hannun Baba

Na san abin da ake gaya muku duk lokacin da kuka je Wurno biki ko ta'aziyya. Ana nuna ku da baki ana cewa ga 'ya'yan Ummaru mai walda nan, wanda ya riƙe hannun tsohonsa a gaban jama'a. Kuna dawowa Goronyo fuska a murtuke, babu mai ƙarfin halin tambayata a cikinku, sai dai ku yi ta kewaye-kewaye wajen mahaifiyarku kuna tsammanin ba na ji. To, gaskiya ne, na riƙe. Ban zauna rubutun nan don in wanke kaina ba. Abin da ke damuna shi ne rabin labari ake ba ku, ga shi hasken walda ya fara cin idona, ina so ku ji sauran daga wajena tun ina iya ganin layin takarda.

Gidanmu gidan maƙeran baƙi ne tun kaka da kakanni. Kakanku, Baba, shi ke ƙera wa manoman albasa na fadamar Rima kalme, wato fartanya, da lauje da gatari, har daga Rara da Rabah ana kawo masa aiki. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, maganarsa kaɗan, zuciyarsa kusa. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, bai ɗauke su maƙera ba, cewa yake masu yi wa mata kwalliya ne. Akwai wani magagari a gidanmu da ya gada wajen mahaifinsa, yana ajiye shi cikin kube na fata, ba a gurza komai da shi sai abu ɗaya. Duk aikin da zai bar gidan, ko allura ce, sai an kawo shi gaban Baba. Zai yi addu'a ya tofa, sannan ya zaro magagarin ya yi wa aikin alamar gidanmu, wani ɗan zane mai kama da sawun zabuwa. Idan kayan noma ne, a kusa da ƙota ake yin ta. Idan kuwa abin zuba ruwa ne ko abinci, kamar guga ko kasko, to a ciki ake yin ta, can gindi, don albarkar ta shiga abin da za a sha. Wannan alama ita ce sa albarkar Baba. Bai iya faɗin “Allah ya yi maka albarka” da baki ba, da magagari yake faɗinta, kuma mu 'ya'yansa mun san haka.

Ni ne na fita daga layi. Yayana Garba ya zauna gaban zugazugi, ni kuwa na tafi Kaduna na koyi walda a wajen wasu masu aikin gine-gine. A can na fara taɓa farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda iyayenku mata ke kira silba idan kwano ne, mu masu walda kuma muna ce masa sitenles. Na ƙaunaci ƙarfen nan tun ranar farko, duk da taurin kansa. A ido kamar iri ɗaya ne, amma iri-iri ne, kowanne da lambarsa da halinsa. Akwai mai lamba 201, sarkin ƙyalli, ya fi kowa kyau a shago, amma ka bar shi cikin ruwan sama da rana ka ga yadda zai yi ɗigo-ɗigo. Akwai 430 da ake yin kayan cikin ɗaki da shi, mayen ƙarfe yana kama shi, sai wanda bai sani ba ya ce jabu ne alhali na gaske ne, iyakarsa dai inuwa. Akwai 304, jakin aiki, da shi ake yin makarin bene da ƙofofi da yawancin tankunan ruwa. Sai babbansu, 316, wanda ake nema idan ruwan da zai zauna a ciki mai gishiri ne ko mai zartsi. 'Yan kasuwarmu suna yawo da mayen ƙarfe a aljihu, in bai kama ba su ce mai kyau ne. Ni dariya suke ba ni, domin 201 ma ba ya kamawa.

Sirrin ƙarfen wata fata ce da ido ba ya gani. Ana zuba masa wani sinadari tun yana narke, kuromiyam, wanda da ya shaƙi iska sai ya yi wa ƙarfen lulluɓi. Ko an karce shi, in dai da abu mai tsabta ne, fatar tana sake rufewa da kanta. Abin da ba ya so a duniya shi ne ƙurar baƙin ƙarfe. Idan ta shiga karcen ta maƙale, ita ce za ta fara tsatsa, ta hana fatar rufewa, daga nan tsatsar ta fara haƙa rami a hankali. Shi ya sa mai aikinsa ke ware masa faifan yanka nasa, burushi nasa, sandar walda tasa, ba ya haɗa su da na baƙi ko da wasa. Ku riƙe wannan, domin duk rigimar a nan take.

Da na dawo Wurno na buɗe shago a jikin maƙerar Baba, bango ɗaya ya raba mu, da ƙofa a tsakani. Farko abin dariya ne. Baba ya ɗauki guntun farin ƙarfen ya sa a wuta ya ce zai yi wuƙa. Ya buga, ƙarfen ya ƙara tauri maimakon ya yi laushi. Ya tsoma a ruwa ya ga bai sha ba. Ya jefar da shi bayan uwar maƙera ya ce:

“Wanga ba ƙarhe na ba. Ba shi jin wuta, ba shi jin ruwa, awa mai shi.”

Muka yi dariya har da shi. Amma aikina ma ta ƙofar gidanmu yake fita, saboda haka shi ma sai ya bi ta ƙarƙashin magagari. Na yi wa wani Alhaji a Rabah makarin bene da 304, aikin da nake alfahari da shi. Baba ya yi masa sawun zabuwa a kan sandar farko. Damina ɗaya, sai ga saƙo wai in zo in ga abin da na yi. Na je na tarar da makarin tas yana ɗaukar ido, sai daidai alamar nan, jan ruwan tsatsa ya gangaro har kan farin fenti. Alhajin ya ce na cuce shi da 201. Na goge, na wanke wurin da maganin wanke walda, na ba shi haƙuri, amma bai sake ba ni aiki ba. Da na dawo na durƙusa na yi wa Baba bayani da mafi laushin harshen da nake da shi. Bai ko ɗago daga lauje da yake wasawa ba.

“Magagarin da yay yi ma kakanka aiki, shi na ka ɓata ma kaya? To kayanka na ad da ciwo.”

Inna, kakarku, ta ja ni gefe ta ce in bar maganar, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na bari. Daga nan na koyi dabara: in makari ne ko ƙofa, in nuna masa gefen da za a binne a siminti, ya yi alamarsa a can, kowa ya huta. Muka yi shekaru a haka lafiya.

Sai shekarar da daji ya ɓaci. Gwaggonku Hajo, ƙanwata da nake ji da ita, tana aure a wani ƙauye gaba da Shinaka, ba zan faɗi sunansa ba. Ruwan shansu a fadama yake, da 'yar tafiya daga gari, kuma hanyar ta zama abin da ta zama. Mata su fita da jarka da safe, ba a san wadda za ta dawo ba. Wata maƙwabciyar Hajo ta fita ɗebo ruwa ba a sake ganinta ba sai bayan watanni. An haƙa musu rijiyar burtsatse a tsakiyar gari da injin sola, amma ruwan zartsi ne. Tankin baƙin ƙarfe da aka fara ɗorawa bai daɗe ba ya zama rariya. Aka sa na roba, ranar da mutanen daji suka shigo suka cinna wa rumfunan kusa wuta ya narke. Mata suka koma fadama. Hajo takan kira ni a waya ta yi ta hira kan yara da tsadar gero, ba ta taɓa cewa tana tsoro ba, amma ina jin yadda take sauke murya idan babur ya wuce.

'Yan garin da ke zaune a birni suka haɗa kai suka zo wajena. Suka ce suna son tankin da wuta ba ta narkarwa, zartsi ba ya ci, wanda ba zai nemi gyara ba, domin babu mai gyaran da zai yarda ya shiga can. Na ce sai 316. Na je Kano da kaina na zaɓo, na duba lambar da ke jikin kowane falle, ban yarda da bakin kowa ba. Fallen ba su da kauri sosai, ƙarfinsu a fatar nan yake. Na share shagona kamar za a kawo amarya, na shimfiɗa buhuna a ƙasa, na rataya tabarma a ƙofar da ke tsakanina da maƙera don kada ƙura ta shigo. Na yi waldar da iskar gas ɗin da ake kira agon, a hankali, kaɗan-kaɗan, domin farin ƙarfe in ya ji zafi da yawa murɗewa yake. Na wanke kowane ɗinki da magani har maganin ya ƙare ƙarƙaf. Ƙafafun da za a ɗora shi a kai kuwa na baƙin ƙarfe ne masu kauri, na yi musu fenti, na yanka roba da za ta shiga tsakaninsu da tankin don kada su taɓa juna. Tun da nake ban taɓa yin aikin da na sa raina a kai kamar wannan ba.

Duk tsawon aikin Baba yana leƙowa ta gefen tabarma. Na ga yana son aikin. Ruwan 'yarsa ne. Ni kuwa kullum gabana faɗuwa yake, domin na san tanki abin zuba ruwa ne, kuma na san inda al'ada ta ce a yi alamar. A ciki, can gindi, daidai inda zartsi zai kwanta shekara da shekaru, a kan falle marar kauri, da magagarin da haƙoransa ke cike da ƙurar baƙin ƙarfe tun zamanin kakana.

Ana gobe za a ɗauka, bayan la'asar, na sami Baba a zaure yana jan carbi. Na zauna ƙasa. Na ce ina roƙon alfarma, a yi alamar a ƙafar tankin, tunda ƙafar baƙin ƙarfe ce, kuma ita ke ɗauke da komai. Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

“Ga ƙahwa? Jaki nika yi ma shaida? Ruwan da ɗiyata za ta sha, kac ce in aza albarka ga ƙahwa?”

“Baba, in anka karce cikin, hujewa za shi yi. Ba yau ba, ba gobe ba, amma za shi huje. Kuma babu mai zuwa gyara.”

“Allah ka tsare ruwa, ba lambar Kano ba. Tashi ka ba ni wuri.”

Na fito na tarar da Yaya Garba a bakin maƙera, ashe ya ji komai. Shi mutum ne mai son zaman lafiya, ko kaza ba ya so ta yi fushi da shi. Ya kama hannuna ya ja ni bayan shago.

“Kai dai ba ka da wayo. Bar shi shi yi abinai. In ya shiga gida ka goge, wa zai sani?”

Na ce masa maganin wankewa ya ƙare, babu inda zan samu kusa sai Kano, mota kuma da safe za ta tashi. Ko da akwai ma, magagari ba shafa yake yi ba, ci yake, ramin da ya yi a fallen ba ya gogewa. Kuma akwai abin da ban iya faɗa masa ba a lokacin. In bar ubana ya yi addu'a ya tofa, ya juya baya in bi in kankare, wannan ya fi mini muni da in ce masa a'a ido da ido. Yaya ya sake ni ya ce to Allah ya kyauta. Inna ma ta aiko aka kira ni, na same ta tana tsince shinkafa. Ba ta ce in bi Baba ba, ba ta ce in ƙi ba. Cewa ta yi ɗaya mijinta ne, ɗaya 'yarta ce, in ji tsoron Allah a kan duka biyun. Na fito daga ɗakinta na rasa inda zan sa kaina, gaba kura baya sayaki.

Washegari ranar kasuwar Goronyo ce, ranar da motoci ke bin hanyar a jere, domin babu direban da ke shiga shi kaɗai. In jerin ya wuce ka, sai wani mako, in hanyar ta kai wani makon a buɗe. Motar ɗaukar kaya, kanta, ta zo tun da hantsi ta tsaya ƙofar gida, direba ya ƙi kashe inji. Tankin yana kwance a kan tayoyi, bakinsa a buɗe, rana na dukansa har ba a iya kallonsa. Maƙwabta sun fito, 'yan kabu-kabu sun tsaya kallo, har da wakilan ƙauyen da suka zo rakiya. Na yi ta sauri a ɗora ƙafafun da bututu, ina fata a raina ko Baba zai yi fushi ya ƙi fitowa. Da ya yi haka da ya yi mini rahama.

Sai ga shi ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, kuben fata a hannu. Jama'a suka buɗa masa. Ya zo bakin tankin ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, kowa ya shafa, ni ma na shafa. Ya ambaci Hajo da 'ya'yanta, ya roƙa musu tsari daga sharrin daji, muryarsa ta karye a wurin, abin da ban taɓa ji ba. Sannan ya zaro magagarin, ya zura hannunsa cikin bakin tankin har kafaɗa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai ji damtsensa a cikin tafina, siriri, ba kamar yadda na san shi ina yaro ba. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin kanta. Na ji wata tsohuwa ta yi salati a bayana.

“Baba, don Allah. Don girman Allah, Baba.”

Ya ja, ban saki ba. Ya sake ja da ƙarfin maƙeri, har yanzu ban saki ba. Hawaye na zuba a fuskata, ina ganin bakin magagarin saura kaɗan ya taɓa fallen cikin tankin. Yaya Garba yana cewa “Ummaru, Ummaru” kamar mai kiran wanda ya faɗa rijiya. Can Baba ya daina ja. Ya juyo ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi.

“Sake ni.”

Na sake shi. Ya zaro hannunsa a hankali, magagarin bai taɓa komai ba. Ya mai da shi kube, ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ƙi hannun Yaya da ya miƙa masa. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, yadda kowa zai ji:

“Tun da kar riƙe hannuna, na ɗauke shi. Tahi da kayanka.”

Ya shiga gida. Direba ya danna oda, aka ɗora tankin, na hau baya na zauna kusa da shi. Shi ne aikin farko da ya bar gidanmu babu sawun zabuwa tun da aka kafa maƙerar. Hanyar nan da kowa ke tsoro, da gonakin gero da aka bari babu mai girbi, da direba da ke ta kallon madubi, wallahi ban ji tsoronta ba ranar, abin da na baro a gida ya fi ta nauyi. Muka kafa tankin, ruwa ya hau, famfo ya zuba. Mata suka yi ta guɗa. Hajo ta kawo mini ruwan farko a kwano ta tambaye ni ina Baba ya sa alamar. Na ce mata bai sa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne kuke jin ƙurarsa. Baba bai zage ni ba, bai kore ni ba. Ya sa aka toshe ƙofar da ke tsakanin maƙera da shagona da tubali. In na gaishe shi ya amsa “lahiya lau” kamar yadda ake amsa wa baƙo a kasuwa. Kwanon da muke ci tare, ni da shi da Yaya, aka fara zuba nawa daban. Na aika dattawa, na aika limamin unguwa, ya ce musu shi ba ya riƙe da kowa. Gari kuwa ya ɗauka, masu kawo mini aiki suka ja baya, wa zai ba ɗan da ubansa ya ɗauke wa hannu aikin gidansa? Da abin ya ishe ni na kwashe kayana da mahaifiyarku na dawo Goronyo. Dalilin da ya sa kuka tashi a nan ke nan. Kowace Juma'a ina hawa babur in je in gaishe shi. Wani lokaci in na durƙusa sai ya tsura mini ido kamar yana jiran in faɗi wani abu, ni kuma in ce “Baba, ka yi haƙuri”, sai ya kau da kai. Sau ɗaya ya tambaye ni ko na koma duba tankin. Na ce hanya ba kyau, kuma Hajo ta ce lafiya lau yake. Ya ce “to”. Na ɗauka gori yake mini.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na zauna a gefensa na kama ƙafarsa, ban isa in kama hannun ba. Na ce ya yafe mini. Ya buɗe ido ya ce, “Allah shi yahe muna baki ɗai.” Maganar da ake gaya wa kowa ce. Na yi shekaru ina juya ta a raina, ban san ko an ba ni ko an hana ni ba. Magagarin ya koma hannun Yaya Garba, kamar yadda ya dace.

Hanyar ƙauyen ta daɗe a rufe, har mutanen suka watse suka sake komawa. Sai da aka sami sauƙi na shirya na je, lokacin furfura ta riga ta cika mini gemu. Na hau tsani na buɗe murfin na haska ciki. Gindin tankin fes, babu ɗigon tsatsa ko ɗaya, ina ganin fuskata a ƙasan ruwan. Na ce alhamdulillahi, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ina saukowa, a ƙafar da ke fuskantar gabas, daidai tsayin kafaɗar gajeren mutum, na ga an kankare fenti kamar faɗin tafin hannu. A tsakiya akwai sawun zabuwa, mai zurfi, tsatsa ta mai da shi ja. Na zauna a kan simintin da ke gindin ƙafar. Hajo ta taho da jarka ta same ni a haka. Na nuna mata alamar da hannu.

“Yaya, ashe ba ka sani ba? Na aza ya hwaɗa maka kahin shi cika.”

Ta ajiye jarkar ta zauna. Ta ce bayan kafa tankin da 'yan makonni, ranar wata kasuwa, sai ga Baba a bayan kabu-kabu, shi kaɗai, a lokacin da samari ma ba sa shiga. Ya ce wa Inna Rara za shi gaisuwa. Bai shiga gidanta ba sai da ya zo nan. Ya sa ta tara masa ruwa a ƙwarya, ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana dubawa, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya tambaye ta ko tana zuwa fadama, ta ce tun da aka kafa ba ta sake zuwa ba. Sai ya kewaya tankin, ya tsaya a ƙafar nan, ya yi addu'a ya tofa, ya zaro magagari.

“Da yag gama yas shahe wurin da man shanu, yac ce min, ‘Kada ki hwaɗa mai. Mai aikin ƙwarai shina komowa duba aikinai. Shi taho shi gani da idonai.’ Har rantsuwa yas sa ni, Yaya.”

Kun ga abin da yake jira ke nan duk Juma'ar da na durƙusa a gabansa. Ya sa mini albarka a inda na roƙa, ya bar ta a can tana jirana, shi girman kai ya hana shi faɗa, ni hanya ta hana ni zuwa. Na yi kuka a gindin tankin nan irin wanda ban yi a jana'izarsa ba, mata na tarar ruwa suna kau da kai don kada in ji kunya.

To, in an sake ce muku ubanku ya riƙe hannun kakanku, ku ce haka ne, kada ku yi musu da kowa. Ko yau aka mai da ni bakin tankin nan zan sake riƙewa, kuma gwaggonku na nan da ranta, ku tambaye ta. Abu ɗaya nake so a wajenku. Tankin ba ya bukatar kowa, zai fi ni daɗewa, ya fi ku. Alamar ce a kan baƙin ƙarfe, ita ke tsatsa. Duk bayan damina nakan je in goge ta in shafa mata mai. Bana da ƙyar na iya hawa babur. In ƙafata ta gaza, ɗayanku ya karɓa, ƙafar gabas ce, daidai kafaɗar kakanku.